Ai Ba Wanda Ya Mutu

A wayata akwai wani ɗan sauti da na naɗa a Bana lokacin babban hutu, tsawonsa bai kai minti biyu ba. Na saurare shi ya fi sau hamsin, kuma har yau in na kunna shi sai gabana ya faɗi. Aikin makaranta ne ya sa na naɗe shi. Malaminmu ya ce kowa ya tattaro kalmomin wata sana'a daga bakin masu ita, ni kuwa na zaɓi ta mahalba (haka muke faɗa a wajenmu, halbi, kuma haka zan rubuta, ƴan daidaitacciyar Hausa su yi haƙuri). Na zaɓe su ne da fatan in tsinci ɓurɓushin Canganci a bakin tsofaffinsu, harshen kakanninmu da Hausa ta kusa haɗiyewa.

Kawuna yana da garka a bakin fadama, can inda giginya ta yi yawa. A ƙarshen garkar akwai wani ƙaton suri. Shekara da shekaru mahalban unguwarmu nan suke zuwa gwada bindiga in maƙeri ya gyara ta, ko in za a koya wa yaro saiti. A jingina gwangwani ko tsohuwar ƙwarya jikin surin, a ja baya taki ashirin ko talatin, a halba, surin ya shanye abin da ya fito. Ba hukuma ta kafa wurin ba, babu allo, babu takarda. Gonar mutum ce, dokar wurin kuma a bakin mai gona take.

Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in ɗan yi bayani. Bindigar gargajiya ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, dalma ko ƴan guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Ba ta buɗewa ta baya balle ka leƙa ka ga abin da ke ciki. In albarushi ya sha danshi, wani lokaci sai ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru, alhali wuta na ci a hankali can ciki, bayan ɗan lokaci ta tashi. Kowane mahalbi ya san wannan. Shi ya sa abu na farko da ake gaya wa yaro shi ne, in ta ƙi tashi, ka bar bakinta inda yake, ka jira.

Ranar da nake magana tsakiyar damina ce. Mai gwajin wani dattijo ne da ba zan faɗi sunansa ba, Baba muke ce mishi. Shi ya koya wa kawuna riƙon bindiga tun yana saurayi. Ga abin da ke cikin sautin. Da farko ƙyas. Sai muryar Baba: “Kai, wanga albarushi ya sha ruwa.” Abin da waya ba ta ɗauka ba, idona ya ɗauka: ya sauke bindigar zuwa ƙugu, ya juyo yana neman yaron da ke riƙe da burgaminsa. Bakin bindigar ya bi ta kan yara uku da ke zaune bisa wani kututturen giginya, ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya ƙanena ne, shekararsa sha ɗaya. Sai a ji muryata, a hankali, cikin ladabi: “Baba, don Allah, da dai kun ɗan...” Ban ƙarasa ba. Ƙara. Jarkar ruwa da ke ajiye taki biyu daga ƙafar yaron ƙarshe ta tarwatse. Na ƙirga a waya: daga ƙyas zuwa ƙarar sakan huɗu ne.

Aka yi salati, aka yi “Allah ya kiyaye”, wani ya ce jarka ta riga mu gidan gaskiya, aka fashe da dariya irin ta wanda ya tsorata. Kawuna bai yi dariya ba. Ya taka ya kama bindigar ta tsakiya, ya ce: “Baba, yau kam kun gama. Ku zamna inuwa.” Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. “Ni za ka amshe ma bindiga? Ni da na koya maka riƙonta? Wa ya mutu?” Kawu ya ce ba wanda ya mutu, amma a gonarsa yau Baba ba zai ƙara halbi ba, gobe in ya so ya dawo. Baba ya karɓi bindigarsa a bakin shinge ya tafi ko sallama babu. Washegari ya aiko jikansa da jika guda, kuɗin jarka.

Kafin magariba zancen ya zagaye unguwa. A fadarmu ta shayi an kwana uku ana ja, kuma mafi yawa bayan Baba suka bi. An tozarta mai furfura gaban yara a kan jarka. Mutumin da ya shekara arba'in a daji bai taɓa ji wa kowa ciwo ba. Tsautsayi ne, kuma ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Har mahaifiyata, wadda ɗanta ne bindigar ta ratsa ta kansa, cewa ta yi da ƙanen nata ya bari an watse sannan ya yi wa Baba magana a keɓe. Tun lokacin tambayar ke bina: wanda ya karya dokar makami, Allah ya tsare ba a zubar da jini ba, da wane ma'auni za a auna shi?

Da yake harshe nake karanta, ta nan na fara. Duk wanda ya ba da labarin nan a Bana, jimla ɗaya ya yi amfani da ita: “bindiga ta tashi.” Ku dubi jimlar da kyau. Bindiga ce mai aikatawa. Baba ba ya cikinta ko kaɗan. Hausa ta ƙware wajen wannan. Muna da “na fasa tulu”, muna da “tulu ya fashe”. A tsarin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, fasa na rukuni na ɗaya, fashe na rukuni na huɗu, amma ko yarinyar da ta dawo daga rijiya hannu wofi ta san wanne za ta gaya wa uwarta. Ba mu kaɗai ba ne, Faransawa ma “le coup est parti” suke cewa, kamar harsashi matafiyi ne da ya ɗauki jakarsa ya kama hanya. A 2010 wasu masu bincike biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky, sun bai wa mutane labarin gobara a gidan abinci ta siga biyu. A ɗaya an ce mace ta kifar da kyandir, a ɗayan an ce kyandir ya kife. Labari ɗaya, ɓarna ɗaya, amma waɗanda suka karanta sigar farko sun fi ɗora wa matar laifi, sun kuma yanke mata kuɗin ramuwa mafi yawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wannan karon jimlar gaskiya ce. Bindigar da kanta ta tashi, yatsan Baba ba ya kan kunama a lokacin. To amma bindiga ba ta juya kanta. Akwai wata jimla da ta riga waccan da sakan uku, “Baba ya juya bakin bindiga wajen yara”, kuma ita ce ban ji kowa ya faɗa ba. Muka ɗauki jimlar da ba ta da mai laifi muka rufe mai shi da ita, muka ɗora “tsautsayi” a sama kamar faifai bisa ƙwarya.

Yanzu ku ɗauka albarushin ya yi saurin ci da sakan ɗaya. Hannun Baba ɗaya ne, juyowarsa ɗaya ce, abin da ke ransa ɗaya ne. Sai dai a wannan labarin akwai jandarmomi daga Gaya, akwai zaman makoki a gidanmu, kuma mutanen da suka ce an tozarta shi su ne za su ce dama tsohon nan ya cika ganganci. Me ya bambanta Baba na farko da Baba na biyu? Yawan danshin da ke cikin albarushi. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara kan wannan a 1976, suka ba shi suna da za mu iya cewa sa'ar ɗabi'a: muna da'awar cewa mutum abin da ke hannunsa kawai ake tuhumarsa da shi, amma a aikace yabonmu da zarginmu suna bin abin da sa'a ta haifar. Mun san wannan ba sai an kawo Turawa ba. Ƴan kabu-kabu biyu su bi ta cikin kasuwa a guje, ɗaya ya wuce lafiya a ce gwani ne, ɗaya yaro ya gifta mishi a ce azzalumi ne.

Ba ina cewa sakamako ba shi da nauyi ba. Shari'ar Musulunci da yawancinmu muka tashi a cikinta ta ba shi nauyi: aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara kan kisan kuskure, kuma in ba a kashe kowa ba babu diyyar rai. Amma addinin bai tsaya nan ba. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, kuma akwai wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito da ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. A nan ba a jira jini ba, nunin kansa aka hana. Ashe ma'auni biyu ne. Akwai na biyan ɓarna, shi kam dole ya bi girman ɓarnar. Akwai na hana mutum riƙon makami, shi kuma halin hannu yake dubawa. Baba da na farko ya auna kansa, ya ga nauyin laifinsa jarka ɗaya ne, ya biya jika guda, kuma a wannan ma'aunin bai ci kowa ba. Kawuna da na biyu ya auna.

A ƙasashen da ake da filayen halbi masu zaman kansu, inda mutum ke biyan kuɗi ya shiga ya yi atisaye, da ma'auni na biyu ake aiki. Jeff Cooper, wani tsohon sojan Amurka da ya kafa makarantar halbi a jihar Arizona a 1976, ya yaɗa dokoki huɗu da yawancin filayen ke koyarwa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa ya nisanci kunama sai an daidaita saiti, kuma ka san abin da kake halbi da abin da ke bayansa. Ta farkon tana burge ni a matsayin ɗalibin harshe, don in ka auna ta da gaskiya ƙarya ce, bindigogi da yawa wofi suke. Ba labarin bindiga take ba ka ba, hannunka take ɗaurewa. A gasar ƙungiyar halbi ta duniya da ake kira IPSC, wanda ya bar bakin bindigarsa ya juyo baya wajen jama'a an fitar da shi daga gasar ke nan, ko da babu harsashi a ciki, ko da shi ne zakara. Ba a zaginsa, ba a hana shi zuwa wata gasar. Ta ranar ce ya rasa. Kawuna bai taɓa jin sunan IPSC ba, amma kusan hukuncinsu ya yanke: yau kun gama, gobe ku dawo.

Duk da haka ba zan yi kamar mutanen fadarmu shirme suke faɗa ba. A wancan filin na Turawa, wanda aka fitar baƙo ne ga alƙalin gasa, ya shiga motarsa ya tafi, gobe ba wanda ya tuna. A Bana wanda aka zaunar shi ne wanda za ka haɗu da shi a masallaci da asuba, shi zai karɓi goron auren ƙanwarka. Mutunci a wurinmu jari ne, tsoho ba shi da albashi ba shi da fansho, girman nan shi ya tara. Akwai kuma wani haɗari da na yarda da shi: in kowane kuskure ya zama abin kunya a bainar jama'a, mutane za su koyi ɓoyewa. Yaron da bindiga ta kuɓuce mishi a daji ba zai faɗa ba, maƙeri ba zai ji cewa kunamar da ya gyara tana zamewa ba. Shawarar mahaifiyata ta a keɓe tana da hikima. Inda na rabu da ita wuri ɗaya ne. Yara uku na zaune suna kallo, kuma ranar suna koyon ɗayan abu biyu: ko dokar bakin bindiga ta kowa ce, ko ta yara ce kawai har su yi gemu. Maganar keɓe ba za ta kai kunnensu ba.

Sai dai da na ci gaba da tunani, kawun nawa ma bai fita ba. Na yi kwanaki a garkar nan da wayata kafin ranar. Na ga bakin bindiga ya ratsa mutane ya fi a ƙirga: wani na gaisawa da ita a hammata, wani na nuna hanya da ita, abokin kawu ya jingina tasa ɗurarriya jikin mangwaro yara na wasa a gindin. Kawu bai ce uffan ba. Me ya sa sai ranar? Don ta yi ƙara. Ashe shi ma sa'a ya hukunta, bambancinsa da sauran kawai shi jarka ta ishe shi, su sai gawa. Kuma ina jin wannan na cikin abin da ya ƙona ran Baba: dokar da ta yi shekaru tana barci ta farka a kansa shi kaɗai. A ranar 29 ga Yuni 2008, a barikin soja na Carcassonne a Faransa, an gayyaci jama'a kallon atisaye, wani saje ya buɗe wuta da harsasai na gaske a maimakon na wasa, mutum fiye da 15 suka ji rauni har da yara. Bayan kwana biyu shugaban rundunar sojan ƙasa, Janar Bruno Cuche, ya ajiye aiki. Bincike ya nuna harsasan ragowar wani atisaye ne na baya da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba. Laifin ya daɗe a wurin yana jira, ranar 29 ga wata kawai ya yi ƙara.

Na bar kaina a ƙarshe don nawa ya fi ciwo. Ni na fara gani. Ina da sakan uku a hannuna, na kashe su wajen gina jimla. Ku sake karanta ta: “Baba, don Allah, da dai kun ɗan...” Sunan girmamawa, roƙo, “da” ta sassauci, “dai”, “kun” na jam'i don ba a ce wa babba “ka”, sannan “ɗan” don a rage wa umarnin kaifi. Kalma bakwai, ban iso ga aikatau ba. Da ƙanena ne ke riƙe da bindigar, kalma ɗaya zan yi: “Tsaya!” Tarbiyyar da nake alfahari da ita ce ta riƙe min harshe, kuma da sakan ɗaya ya canza, da ladabina na cikin abin da ya kashe ɗan'uwana. Kada mu ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A Fabrairun 2006 mataimakin shugaban Amurka, Dick Cheney, ya halbi abokin farautarsa Harry Whittington, lauya ɗan shekara 78, bisa kuskure a Texas. Da mutumin ya fito daga asibiti, shi ne ya tsaya gaban ƴan jarida yana nuna damuwa kan wahalar da Cheney da iyalinsa suka sha. Ko'ina girma na lanƙwasa harshe.

A filayen halbin da na ambata akwai ƙa'idar cewa kowa, ko yau ya fara zuwa, yana da ikon ɗaga murya a tsayar da wuta, kuma dole kowa ya tsaya kafin a tambayi dalili. Na daɗe ina ganin wannan ba zai shiga Hausa ba, sai na tuna muna da irinsa. In yaro ya ga kububuwa kusa da ƙafar liman ya ce “Maciji!”, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya, don kalmar ba ta da “kai” ba ta da “ku”, ba ta umarci kowa ba, haɗarin kawai ta kira da sunansa. A fadojin ƙasar Hausa kuwa, in sarki na tafiya, dogarai da fadawa ne ke ɗaga murya suna ce mishi “Hattara!”, su da ba su isa su zauna inda yake zaune ba, kuma ba a taɓa jin sarki ya ce an raina shi ba. Al'adar da ta ɗaure min baki ita ce kuma ta tanadi kalmar da na ƙasa zai faɗa wa na sama da ƙarfi. Ba mu dai kai ta bakin suri ba.

Na kai wa kawu wannan shawara ana jibi zan koma Yamai. Na kuma gaya mishi, da duk “don Allah” da “da dai” da na iya haɗawa, cewa in zai zaunar da Baba to ya zaunar da abokinsa mai jingina bindiga jikin mangwaro. Ya yi dariya ya ce ku ƴan lakwal komi sai kun yi mishi nahawu. Amma da la'asar na ji ya tara yaran yana ce musu duk wanda ya ga bakin bindiga ya bar suri ya ce hattara, ko shi kawun ne ke riƙe da ita. Zancen abokin nasa bai ce min komi ba.

Baba bai koma garkar ba. Suna gaisawa da kawu ranar Juma'a, hannu kawai. Daren da zan tafi na je yi mishi sallama, don har lokacin jerin kalmomina bai cika ba. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo min muruci, ya ba ni sunayen tarko iri uku da wata kalma ta kiran kare da ya ce daga bakin kakansa ya ji ta. Wayar na aljihuna, na riga na buɗe sautin tun daga gida da niyyar in kunna mishi ya ji sakan huɗun da kunnensa. Ya tambaye ni karatu, ya sa min albarka. Na ce amin, na durƙusa, na tashi na fito.